Gwiwoyin Santa Marta

Zuwa ga Yayata Kinuyo, a Londrina, can ƙetaren teku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida Yaya Shigeru da yara duka, Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, ita ke shanya dankalinta da kanta, idan na ce ta huta sai ta ce wai hutu sai kabari. Kullum in mun fito coci sai ta tambaye ni yaushe jikarta Michiru za ta iso ta fara karatu. To, a kan Michiru ɗin nake rubuto miki, kuma hankalina a tashe yake. Don Allah, Yaya, kada ki sayi tikitin jirginta sai kin karanta wannan har ƙarshe.

Kin san ɗalibai sun yi ƙaranci a kwalejinmu ta Santa Marta. Haihuwa ta ja baya a tsibirin nan, 'yan matan da suka rage kuma birni suke hange. Shi ya sa muka yi murna da wata babbar jami'a ta ce za ta ɗauke mu ƙarƙashinta, mu ci gaba da horar da malaman renon yara. Saura sa hannu kawai. Shugabanta, Farfesa Onizuka, ya hau jirgin ruwa ya zo ganin wurin da kansa.

Muka jeru a bakin ƙofa, shugabarmu Sista Urakawa a gaba. Farfesa ya fito da katin sunansa, ya riƙe da hannu biyu, ya sunkuya yana miƙa mata. Daidai nan wata 'yar shekara huɗu daga makarantar renonmu, Kotone, ta sheƙo da kuka ta riƙe rigar Sista. Yaya, Sista ba ta ko ce a yi mata uzuri ba. Ta juya masa baya, ta durƙusa, ta sa ido cikin idon yarinyar. Ashe ƙwaron da take kiwo cikin gwangwani ne ya mutu. Sista tana saurare, Farfesa yana sunkuye da kati a iska, mataimakansa ma a sunkuye, don wa zai miƙe kafin maigidansa? Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige. Can ya miƙe a hankali ya mayar da katin aljihu, kin kuwa san abin da wannan yake nufi a wajenmu: an ci fuskarsa.

Ke da kika yi karatu a nan ba sai na gaya miki dalili ba, amma ki karanta wa Yaya Shigeru nan wurin, don na san zai ce hauka ne. Da Uwa Madalena, wadda ta kafa gidan nan, ta zo daga Faransa bayan annobar kwalara, a rumbun dankali ta tara marayu. Doguwa ce, harshenmu kuma bai zauna mata ba, yaran suna ganinta sai su ɓuya. Ranar da ta gaji ta zube bisa gwiwoyinta, ranar ce suka fito suka kewaye ta. Daga nan ta kafa doka: ba a yi wa yaro magana daga sama, kuma idan yaro ya kira ki, kowa ya jira, ko da bishop ne. Da aka mayar da wurin kwalejin karatun shekara biyu bayan yaƙin duniya, da wannan doka aka buɗe kundin makaranta. Har yau sabbin ɗalibai da gwiwa suke zagaya aji a makon farko, su ga yadda marfin ƙofa yake da nisa ga yaro, da yadda fuskar babba take da ban tsoro daga ƙasa. Shi ne asalin baƙin gwiwar nan taki da Yaya Shigeru yake miki tsiya a kai, wai ya auri mai goge daɓe.

Na raka Sista birni ba da haƙuri, ɗauke da kwalin kek ɗin kasutera. Ta sunkuya wa Farfesa har na ji tsoron za ta kife, ta ce ta yi baƙin cikin kunyar da ya sha, amma ba za ta yi masa ƙarya ba, in yarinyar ta sake zuwa za ta sake juyawa. Ya yi murmushi ya ce za su duba. Bayan mako guda suka aiko da sharaɗi: a cire dokar daga kundi, don ba za su sa sunansu a gidan da ake barin baƙo a sunkuye ba.

Taron ma'aikata ya yi zafi. Magatakarda Malam Hirata, mai 'ya'ya uku a makaranta, ya buga tebur ya ce wai in an rufe ƙofa gwiwa za mu dafa mu ci? Ya ce mataccen ƙwaro ya kashe makaranta mai shekara ɗari. Ban ga laifinsa ba, ni ma haushin Sista nake ji. Ita kuwa ta ce ta yarda ta sauka daga kujera yau ɗin nan in hakan zai wanke fuskar Farfesa, amma in an cire dokar, me aka ceto, bango da rufi? Aka aika musu haka, suka janye. Bishop ya ce ba shi da ƙarfin riƙe mu. Ɗaliban da za mu ɗauka a watan Afrilu su ne na ƙarshe.

Ga gaskiyar a tafin hannunki, Yaya. In Michiru ta zo, za ta fita da takardar makarantar da aka rufe, inda mai neman ɗaukarta aiki zai buga waya ba mai ɗagawa. Ina tsoron kada wata rana ta ce ƙanwar uwarta ta cuce ta. In kun zaɓa mata wata makaranta a can, ba mai ganin laifinku, ni zan san yadda zan gaya wa Inna. Ina bukatar amsarki kafin ƙarshen wata.

Sai dai jiya na ga wani abu. Malam Hirata ya fito ofis rungume da kwali, fuska a murtuke, sai Kotone ta tare shi za ta nuna masa sabon ƙwaro. Kafin ya ankara ya ajiye kwalin, yana durƙushe a ƙasa da wandonsa na kwat, yana tambayarta sunan ƙwaron. Mutumin da bai taɓa zama ajinmu ba, zama da maɗaukin kanwa ne kawai. Da ya gan ni ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, yana gunaguni wai makarantar nan ta lalata shi. Na koma ofis na yi kuka. Ginin za a rufe, Yaya, amma dole wani ya fita da abin nan a jikinsa, kuma ina so jininmu ya kasance cikin na ƙarshe. In kin tambaye ni, ki turo ta.

Ki gaishe da Yaya Shigeru, da Noboru, da Gwaggo Tsuruko. Inna tana sa muku albarka, ta riga ta shanya shimfiɗar Michiru a rana, na kasa hana ta. Ki gaya wa Michiru in za ta zo, ta taho da dogayen safa, daɓen ajin yana nan da taurinsa yadda kika bar shi.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Tomoe