Na Cire Makullin Sikana, Aka Kori Baba Sale

Assalamu alaikum Admin, da fatan kai da masu bibiyar wannan shafi kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya karanta har ƙarshe. Zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗalibi ne, ina karanta kwamfuta, ba ni da yawan magana. Da hutu nakan zauna a shagon kawuna a Gwarzo, inda yake sayar da maganin feshi da iri. Bana ya sayo sikana mara waya daga Kano, wato na'urar da ake haska zanen layukan jikin kwali da ita, kwamfuta ta rage kayan da suka fita. Ya miƙa min ya ce, "Ɗan boko, yau za mu ga amfanin karatun." Na bi littafin da ya zo da ita layi-layi, komai ya yi daidai, sai wuri ɗaya: duk lokacin da na sa mata lambar sirrin da ke ɗaure ta da kwamfutarmu kaɗai, sai ta ƙi haɗuwa. Mutane sun cika benci suna kallona, Kawu yana cewa "Har yanzu?" Kunya ta hana ni cewa a ba ni zuwa gobe. Sai na cire makullin, wato lambar sirrin, gaba ɗaya, nan take ta yi ƙara ta kama aiki. Aka yi ta sa min albarka. Na ce a raina zan gyara daga baya, ban kuwa gyara ba.

Mai riƙe da sito wani dattijo ne, Baba Sale, mutumin Garo. Tun ina firamare yake tare da Kawu. Shi ke shiga sito da sikanar, ya haska kowane kwali kafin ya fita. Da damina ta kankama aka fara ganin kwamfuta tana nuna kaya, a sito kuma babu su. Ranar da Kawu ya tara mu, Baba Sale ya rantse cewa bai taɓa fitar da kwali ba sai ya ji ƙarar nan. Kawu ya juyo ya ce min, "Kai ka haɗa ta. Tana kuskure?" Na ce, "Ba ta yi, Kawu." Me ya hana ni cewa bari in duba? Baba Sale ya dube ni ya ce, "To ai shi ke nan, tunda yaro ya faɗa." Kawu ya sallame shi nan take. Baba Sale ya ajiye makullan sito ya ɗauki kekensa.

Bayan tafiyarsa maƙwabcinmu mai shagon kayan masarufi ya tare ni yana dariya. "Malam, zo ka yi wa kwamfutata ruƙiyya. Lambobi ke rubuta kansu, ba mai taɓa ta, kullum sai na goge." Ashe irin sikanarmu ya saya a wurin mutum ɗaya, kuma bangon sitonmu a jikin teburinsa yake. Na duba lambobin da suka fito ranar, sai ga shi na maganin ciyawarmu ne. Da an shiga ƙuryar sito sai sikanarmu ta saki kwamfutarmu ta kama tasa, ta yi ƙararta kamar kullum. Kayan an sayar da su da gaske, kwamfutarmu ce ba ta rage ba.

Ga inda na fi jin kunya. Maimakon in kira Kawu ya gani da idonsa, sai na ce wa maƙwabcin ƙaramar matsala ce, na goge masa komai. Na koma na mayar da sikanarmu yadda ta fito daga kamfani, na sa makullin, wannan karon ya zauna. Daga ranar ko kwalba ɗaya ba ta sake ɓata ba. Kun ga abin da na yi? Da hannuna na tabbatar wa kowa cewa Baba Sale ɓarawo ne. Yanzu Kawu yakan ce wa baƙi, "Tun da ya tafi muka huta." Na ji a Garo manoman da ke ba shi ajiyar taki sun kwashe kayansu daga gidansa.

Na gwada faɗa sau ɗaya. Na ce, "Kawu, anya ba na'urar ba ce?" Ya ce, "Na'urar da ke aiki lafiya yanzu? Tausayi ke damunka, je ka ci abinci." Shaidar da zan nuna na goge ta. Ko na sake cire makullin don in gwada masa, zai ce na shirya ne don in wanke tsohon. In ma ya yarda, wa zai bi gida-gida a Garo yana janye maganar?

Ranar kasuwa na hangi Baba Sale a Kabo yana sayar da igiya. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya riƙe hannuna, ya tambayi karatu, sannan ya ce, "Kai ban riƙe ka da komai ba, abin da injin ya nuna maka ka faɗa."

Na yi masa sallama na bar kasuwar. Hutu ya kusa ƙarewa, zan koma makaranta in bar shi da wannan suna. Jama'a, wanda ya goge shaida da kansa, ta ina zai fara? Me zan yi?