Na'urar Wasan Habibu Tana Nan

Daga Tasawa, zuwa ga Yaya Isufu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya. Yaya Agadas, yaya aiki? Mu nan muna ta haƙuri.

Saƙonka ya iso, cewa in jefar da na'urar wasan ɗanka marigayi Habibu, wai ita ta cinye masa ƙuruciya. Maganar ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba zan jefar ba.

Sikila ta hana yaron nan ƙwallo da kokawa. Kullum a bakin fili yake, yana tsaron takalman abokansa. A wasan na'urar kuwa, an tara jaruman wasanni daban-daban a dandali ɗaya, yara suna fafatawa da juna. Mafi ƙanƙantar jaruman yake zaɓa, ya kayar da ƙattai, yana ihu: "Saura wa?" Nan kaɗai ne ba wanda yake cewa a bi shi a hankali.

Jiya abokansa suka zo gaisuwa, suka tsaya a zaure suna jin nauyi. Da hannuna na kunna masu na'urar.

Addu'arka yake buƙata, Yaya, ba hukuncinka ba. A gaishe da Hajiya da yara.

Ƙanenka,
Mamman Sani