Koriyar Munduwa

Litinin, 5 ga Yuni
Ruwa tun safe. Ɗana Edvaldo ya tafi shagon aski ba rigar sanyi, ina ƙwala masa kira yana ɗaga mini hannu ta baya. Ɗa mai sikila a jininsa, ya girma ya yi gemu, amma har yau sai na bi shi da magana.

Zenilda ta ƙasan layi ta shigo wai in rage mata siket. Siket lafiyarsa ƙalau. Maganar ƙungiyarsu ce ta kawo ta, ta iyayen masu sikila. Wai yanzu ba wanda zai je asibiti shi kaɗai. In ciwo ya tashi, mata biyu ko uku za su raka, su tsaya a gaban teburin nas, su tambayi sunanta, su yi ta faɗin abin da ke damun yaron da ƙarfi har a duba shi. Na ce mata ni ban iya tijara ba. Abin da ma'aikatan asibiti suke jira ke nan daga baƙar mace, ta ɗaga murya su kalli juna. Ta ce, "Valdelice, ke dai ci gaba da guga." Ta bar siket ɗin ta fita.

Alhamis, 8 ga Yuni
Maganar gugar nan ta tsaya mini a rai. Eh, ina goge masa riga kafin mu tafi asibiti, ko yana murƙususu. To sai me? Dogo ne, baƙi wuluk kamar babansa, mai gadi ma in ya gan shi sai ya gyara tsayuwa. Tun yana ƙarami na koya masa: ka zauna a natse, ban da ihu, ka ce "don Allah", kada ka kuskura ka ambaci sunan allurar da ke yi maka aiki. Duk baƙin yaron da ya san sunan allura, ɗan ƙwaya ne a wurinsu. Da wannan na raine shi, kuma ga shi a raye.

Lahadi, 11 ga Yuni
Bayan coci na hango su Zenilda a ƙarƙashin mangwaro suna taro. Na bi ta ɗaya titin.

Talata, 20 ga Yuni
Ciwon ya tashi. Ƙafafu da baya. Mun isa sashen gaggawa da hantsi, nas ta kalle shi sama da ƙasa ta ce daga ɗaya zuwa goma ciwon nawa ne. Ya ce tara, a hankali, hannuwansa a kan gwiwa. Ta ce, "Mai tara ba ya zama haka." Ta ɗaura masa koriyar munduwa, ta waɗanda za su iya jira.

Wata farar yarinya ta shigo bayanmu riƙe da ciki tana kuka, aka ɗaura mata rawaya, aka shige da ita. Ban ji haushinta ba, ita ma ciwo take yi.

Sai da la'asar muka ga likita. Farasitamol, a sha ruwa da yawa, a tafi gida. Na yi masa godiya. Wallahi har da rusunawa.

Laraba, 21 ga Yuni
Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe zazzaɓi, kuma ya ce ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun siminti. Muka koma. Wata nas ce daban, amma koriyar ce dai. Ya jingina da bango yana jan numfashi guntu-guntu, leɓensa ya bushe. Na je teburin na ce, "Ki yi haƙuri, 'yata," ta ce in zauna za a kira mu. Na zauna.

Can sai ga Zenilda da wasu mata biyu, ɗaya har da gari a hannunta, daga gindin murhu ta taso. Ashe Edvaldo ne ya tura wa Zenilda saƙo a waya ban sani ba. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta dafa teburin ta ce, "Sannu da aiki. Yaya sunanki?" Nas ta ce me ya kawo wannan. "Don in san wadda zan ambata. Yaron can sikila ne, ƙirjinsa ke ciwo, ga zazzaɓi. Mai sikila da ciwon ƙirji ba ya jira." Ɗayar ta maimaita, ta ukun ta maimaita, duk ɗakin ya juyo. Mai gadi ya matso, Zenilda ta ce, "Kai ma yaya sunanka, ɗana? Ka yi kama da 'yan unguwarmu." Ya koma bakin ƙofa.

Ni kuwa na sunkuyar da kai. Har matsawa na yi kaɗan a kan bencin, kada a ce tare muke.

Likita ta fito da niyyar faɗa. Ta ɗora wa Edvaldo abin sauraron ƙirji, sai fuskarta ta sauya. Da gudu aka tura shi ciki.

Juma'a, 23 ga Yuni
Yana ɗakin masu tsananin ciwo, da na'ura a hancinsa. An ƙara masa jini. Wani likita ya ce huhun ya taɓu sosai, ya tambaye ni, "Malama Valdelice, me ya sa ba ku kawo shi da wuri ba?" Ina jin tsoro. Ban taɓa jin irinsa ba.

Asabar, 24 ga Yuni
Ranar bikin Waliyyi Yohanna. Duk gari ƙamshin gasasshiyar masara da hayaƙin wuta. Zenilda ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa a leda, ta zauna kusa da ni. Na jira ta goranta mini, ba ta yi ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dai ce nata ɗan, wanda ya rasu kafin su dawo unguwar nan, shi ma yaro ne mai ladabi.

Litinin, 26 ga Yuni
Ya buɗe ido. Na duƙa don in ji abin da yake cewa. "Mama, ban yi ihu ba, ko?" Yana murmushi, yana jira in yaba masa.

Na ce zan je in ɗebo ruwa.

Alhamis, 29 ga Yuni
An dawo da shi babban ɗaki. Sun ce zai tashi, amma numfashin ba lalle ya koma kamar da ba. Ban shiga ƙungiyar kowa ba, gara Zenilda ta daina yi mini kallon nan nata kamar na zama tasu.

Da rana allurar ta sake shi, lokacin wata ya wuce, ba wanda ya leƙo. Na ga ya cije leɓe yana kallona. Na ce, "Ni ban ce maka komai ba." Ya yi nishi, ƙarami tukuna, sannan ya saki wata irin murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun yana goye. Ya kira sunan allurar ma, sarai. Tsohon da ke gadon kusa ya ce, "Baiwar Allah, ki lallashe shi mana, ko ki tura ƙofar nan."

Na tashi na buɗe ƙofar gaba ɗaya, na tokare ta da kujera. Ɗakin ne da zafi.