Abin da Likitan Ya Ce

Dutse, 4 ga Maris

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon ƙafar?

Na aiko da takarda ne don bakina ba zai iya faɗa a waya ba. Ƙanenmu Marwa ya rasu, yau kwana tara. Motar shanun da yake tuƙawa ce ta kife a hanyar kudu, Hausawan can suka yi masa sutura. Mahaifiyarmu Dada ba ta sani ba.

Wayarta likitan ya kira, da ta ji Turanci sai ta miƙo mini. Ya ce, "We lost him." Shekara goma sha biyu ina koyar da wannan harshe. Na san kalmar lost na nufin ɓata, kamar akuya a kasuwa, na kuma san abin da likita ke nufi idan ya faɗe ta. Na duba ƙamus daga baya, ashe tushenta a tsohon Turanci ma halaka ne. Da na ce an rasa shi, da ta gane. Na dubi fuskarta, na ce ya ɓace.

Yanzu ta sa an yi cigiya a rediyo. Kullum tana tasha da hotonsa, tana tare direbobi. Matarsa Indo kuwa jiya ta yi lalle, wai kada ya dawo ya same ta a yamutse.

Ki zo Juma'a mu gaya musu tare.

Ƙanenki,
Abdurrahim

Dutse, 9 ga Maris

Yaya Luba,

Bayan gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ba sai mun jira ƙafarki ba.

Wani abokin aikin Marwa ya kawo jakarsa ranar Laraba ina makaranta. Ya durƙusa a zaure ya yi wa Dada ta'aziyya, a zatonsa mun daɗe da sani. Indo ta shiga takaba da lallen a hannunta.

Dada ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni sau ɗaya ko Turancin ne ya fi ƙarfina, na ce a'a.

Yau da safe aka ba ta sabon maganin hawan jini. Ina zaune a tsakar gida ta wuce ni da kwalin, ta shiga maƙwabta a karanta mata.

Ki gaida Malam.

Abdurrahim