Injin Gudu da Cokalin Ƙarfe Biyar

Malama Doreen, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake ni kaina ban ga ta inda za ki ɓullo wa abin ba. Shekarata saba'in da takwas. Talatin da ɗaya daga ciki na yi su ne ina gyaran injinan lantarki a wata masana'anta a Ohio, kafin ni da matata Marlene mu dawo Florida mu huta. Na faɗi haka ne don ki san ba rashin sani ne ya kai ni ba.

Bara likita ya ce tsakiyar ganina ta fara cinyewa, aka karɓe lasisina na tuƙi. Abin da ya rage mini shi ne keken golf ɗinmu, 'yar ƙaramar mota mai batir da ake yawo da ita a unguwa. Marlene kuwa wata goma sha huɗu ke nan tana gidan kula da masu ciwon mantuwa, mil takwas daga gidanmu, ƙetaren babban titi. Ba ta san sunana ba yanzu, wani lokaci ma da sunan wanta da ya rasu take kirana. Amma ba ta buɗe baki ga cokalin kowa sai nawa. Ƙarfe biyar ake kawo abincin yamma, biyar da rabi a kwashe.

Tsohon injin keken mil goma sha uku yake yi a awa. In ya zo gadar kekuna da ke tsallaka titin sai ya riƙa nishi yana rarrafe, amma yana hawa, bai taɓa bari na makara ba. Mazan da muke shan kofi da safe ne suka sa ni gaba. Maƙwabcina Dwight ya ce, “Kai tsoho, jiya na ga kunkuru ya danna maka ham ya wuce.” Vern ya ce in ina son samun jana'izarsa gara in kama hanya tun yanzu. Na yi dariya tare da su, amma abin ya ci ni. Mutumin da aka ƙwace wa mota, ɗan abu kaɗan ke sosa masa rai.

Duk mai keke a unguwar nan ya san inji iri biyu ne, na gudu da na ƙarfin ja, kuma abin da ka samu a ɗaya shi ka rasa a ɗayan. Da na je sayen na gudu, mai shagon ya tambaye ni ko akwai hawa a hanyata. Na dube shi na ce babu. Na ɗaura na gudu da hannuna, rabin aikin da laluben yatsa, na canza akwatin da ke raba wa inji wuta. Birkin ban taɓa shi ba, kuma na ƙafafun baya ne kawai.

A miƙaƙƙiyar hanya ya ba ni mil ashirin da bakwai. Kwana huɗu ina wuce Dwight ina ɗaga masa hannu, ba zan ɓoye miki ba na ji daɗi. Rana ta biyar injin ya ɗau zafi a tsakiyar gada, na ji ƙaurin waya, ya mutu. Kafin ya huce in isa har shida saura ashirin ta yi, an kwashe farantinta yadda aka kawo shi. Daga nan na koma ɗaukar gudu tun daga nesa don in haye da ƙarfin tsiya, a haka ɗan sanda ya tare ni. Keken da ya wuce mil ashirin, doka ba ta ɗauke shi keken golf ba kuma, sai da lamba da inshora da lasisi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Ranar sha tara ga wata zan je kotu.

Yau kwana tara keken yana gareji. Sau huɗu kawai na samu wanda ya rage mini hanya. Nas ta ce Marlene ta rame, zoben aurenmu har juyawa yake a yatsarta.

Ga wanda ban faɗa wa kowa ba. Ranar nan, kafin ɗan sandan, saura ƙiris in take wata mata mai yawo da kare a wata kwanar hanya. Ban gan ta ba sam, ihunta na ji. 'Yarmu Colleen tana Ohio, in ta ji wannan ɗauke ni za ta yi, ban san wa zai riƙe cokalin ba. Shin in mayar da tsohon injin in ci gaba da tafiya shiru? Na gaji, kuma ina jin kunyar kaina.

Naki, Mai Riƙe da Cokali

Mai Riƙe da Cokali, sannu da wannan kaya, yana da nauyi. Ban ga laifinka ba da zolayar abokai ta yi maka zafi, kuma mutumin da ya yi wata goma sha huɗu bai fasa zuwa ba, ba ni ce zan koya masa riƙon aure ba. Amma matar nan mai kare ita ma tana da wanda yake jiranta a gida.

Wanda ya fi sauƙi tukuna. Cire injin gudun nan, a sa na ƙarfin ja, a daidaita akwatin wutar kada ya wuce mil goma sha tara, a duba birki. Ka bari mai shago ya yi, ya ba ka takarda. Ka je kotu da ita, da lauya in da hali, ka faɗi gaskiya har da ta farantin ƙarfe biyar. Abin da alƙali zai yanke ban sani ba.

Mai wuyar shi ne tambayarka, kuma amsata a'a ce. Kunkuru ma in bai ga gabansa ba, zai taka wani. Ka koma wurin likitan idonka ka gaya masa abin da ya faru a kwanar nan. In ya ce ka sauka daga sitiyari, kuma ina kyautata zaton haka zai ce, ka sauka. Ba zan yaudare ka ba, da wuya ka sake hawa gadar nan kana tuƙi.

Ka kira Colleen yau, gara ta ji daga bakinka. Ka gaya mata uwarta ba ta ci sai daga hannunka, shi ya fi duk wata gardama ƙarfi. Sannan gobe wurin kofi ka ajiye takarda mai ranaku bakwai a gaban Dwight da Vern. Tunda sun iya gudu, kowa ya zaɓi ranar da zai kai ka. Roƙon zai yi maka ɗaci fiye da maganar kunkurun, ka daure ka haɗiye.

Marlene ba za ta tambayi wa ya tuƙo ka ba. Ka kasance a kujerar gefenta biyar saura kwata, ko ta kira ka da sunan wanta ka amsa. Allah ya ba ka haƙuri, ya sassauta mata.

Doreen