Feshin da Ya Hana Nafisa Karatu a Yamai

Zuwa ga Shugaban kamfanin jirgin saman da ya ɗauke mu daga Abidjan zuwa Yamai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Ni malamar Islamiyya ce a unguwar Treichville, cikin Abidjan. A watan Rajab na raka ɗalibata Nafisa zuwa musabaƙar Alƙur'ani a Yamai. Yarinya ce mai asma, gidansu yana bakin hanyar da manyan motocin tashar jiragen ruwa suke bi, cikin hayaƙi ta tashi. Duk da haka mun yi shekaru muna gyara numfashinta, har ta kai tana jan doguwar aya ba ta yanke ba. Ga abin da ya same ta a hannunku.

Na ɗaya, a bakin ƙofar jirgi aka karɓe jakarta aka kai wajen manyan kaya, wai kayan 'yan kasuwar Adjamé sun cika ma'ajiyar sama. Maganin shaƙarta yana ciki. Na faɗa wa ma'aikacinku, ya ce tafiyar ba nisa.

Na biyu, da aka rufe ƙofa sai ma'aikaciya ta bi layi da gwangwani a kowane hannu, tana feshin maganin sauro bisa kawunanmu. Sanarwar feshin ta zo bayan an soma. Na san doka ce, kuma ba na jayayya da kashe sauro. Amma kafin mu tashi ƙirjin Nafisa ya fara kuka. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne ya miƙo nasa maganin, Allah ya saka masa. Da ba ya cikin jirgin fa?

Washegari a wajen musabaƙar Nafisa ta hau mumbari, ta ja bisimilla, tari ya sarƙe ta. Ta sauko tana hawaye.

Yanzu mahaifinta ya ce ba za ta ƙara hawa jirgi ba, ni kuwa ba zan sa ta a motar kwanaki ta shaƙi hayaƙi har Yamai ba. Idan ba ku gyara ba, ta bar musabaƙa ke nan.

Don haka ina roƙon ku riƙa sanar da feshin tun wajen sayen tikiti, ku maimaita kafin a soma, da Faransanci da Hausa da Jula, ku ba masu ciwon ƙirji takunkumi. Kada kuma a sake raba fasinja da maganinsa.

Ina son amsa a rubuce, wadda zan kai wa mahaifinta. Ba mu da karatu ranar Alhamis, saboda haka kowace Alhamis za a gan ni a ofishinku har in samu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye jiragenku da duk wanda ke ciki.

Wassalam.

Malama Rakiya, Treichville