Umma Ta Koma Saman Shagon Tela

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gida. Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da Gwaggo ta ce yana hana ka hawa bene. Mu nan lafiya lau. Baba yana fama da shukokinsa, matar Yaya Babba kuma ta sauka, an samu mace. Duk wanda ya gan ta sai ya ce goshinka ta ɗauko.

Kawu, maganar Umma ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun tana lauya babu abin da ke hana ta sakat kamar mutanen da ake kullewa a gidan yari shekara da shekaru ba a kai su gaban alƙali ba. Ina ƙarama, in an tashi makaranta, a ofishinta na saman shagon tela nake kwanciya, ta lulluɓe ni da baƙar rigarta ta kotu. Ƙarar keken ɗinki tana tasowa daga ƙasa, muryoyin matan da ke neman a sako mazajensu suna shiga barcina, har na riƙa mafarkin ƙofofi suna buɗewa da kansu. Saboda waɗannan mutane ta shiga majalisar jiha, duk da ka ce mata siyasa cinye ta za ta yi. Tun daga ranar, tsakaninku sai gaisuwar sama-sama.

Ƙudurin da ta kai, na a sallami duk wanda zaman jiran shari'arsa ya wuce ƙa'ida, ya daɗe yana kwance a kwamiti. Manyan jam'iyya suka kira ta suka ce ta janye shi don zai tona asirin wasu, in ba haka ba ta manta da sake takara. Ta ce musu ita ba gadin kujera ta zo yi ba. Ranar da majalisa za ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin, ina zaune a sama, wurin baƙi. Hasken la'asar ya sauko ta dogayen tagogi ya kwanta a kan kujeru, fankoki suna juyawa a hankali, sai na ji kamar zauren duka yana tafiya a kan ruwa. Umma ta miƙe ba ko takarda a hannunta, ta ba 'yan majalisar labarin wani makanike da aka kama kan rigimar batir, ya bar 'yarsa a goye, bai fito ba sai da ta shiga sakandare. Da kakakin majalisa ya buga guduma ya ce ƙuduri ya wuce, ban san hawaye nake yi ba sai da wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Yanzu ya zama doka, tikitin takara kuma manyan jam'iyya sun bai wa wani. Ta kwashe littattafanta ta koma tsohon ofishi, tana dariya wai ko banza ta huta da jiniya. Waɗanda aka sako suna hawowa su gaishe ta, wasu su ɗan zauna kusa da ita sannan su tafi.

Amma shekaranjiya na same ta tsaye a taga tana kallon titi. Ta ce kujerar ba ta dame ta ba. Ta ce kai ne ka goya ta a keke cikin ruwan sama zuwa jarrabawar shiga jami'a, ka tsaya a bakin ƙofa a jiƙe har ta fito, kuma ranar ƙuri'ar nan sai da ta ɗaga kai ta neme ka a cikin baƙi, alhali ta san ba ka ƙasar. Kawu, ba sai ka ce ta yi daidai ba. Ka dai kira ta, da sunan nan da kake kiranta tana yarinya.

A gaishe mini da Gwaggo, da 'Yan Biyu, da Doguwa da maigidanta. Baba yana gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Auta